Rana Goma, Kibiya Goma: Littafin Aikin Gem Ɗinmu

Litinin, 8 ga Satumba, 2025, Changsha

Yau malamin darasin tsara wasannin kwamfuta ya raba mu mutum huɗu-huɗu. Kafin zangon karatu ya ƙare, kowace ƙungiya za ta kawo gem ɗin da za a iya bugawa na rabin awa, kuma labarinsa ya fito daga tatsuniyoyin ƙasar Sin. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ban da biri." Aji ya kwashe da dariya. Tun da kamfanin Game Science ya saki Black Myth: Wukong, gem ɗin da jaruminsa biri ne mai sanda, ranar 20 ga Agustan 2024, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, duk ɗalibin da aka ce ya yi gem sai ka gan shi da biri riƙe da sanda.

A ƙungiyarmu akwai wani ɗan Hunan mai zane, da wata 'yar Sichuan mai rubuta umarnin kwamfuta, da wani ɗan arewacin Sin da ya ɗauki sauti da kiɗa. Ni aka ɗora wa labari. Na ce ina ni ina tatsuniyar kakanninku? Suka ce ai dalilin ke nan, ni baƙo ne, zan yi tambayar da su kunya za ta hana su yi. Mun tsayar da magana a kan maharbi Yi, wanda ya harbo rana tara daga cikin goma. Da Godot, wata manhajar gina gem, za mu yi, saboda kyauta ne.

Asabar, 13 ga Satumba

Na yi zaton zan tarar da littafi guda mai farko da ƙarshe. Masu gem ɗin biri sun sami wannan gatan: littafin da suka ɗauko birin, labarin tafiya yamma, babi 100 ne cif, bugunsa mafi tsufa da ya rage na 1592 ne, kowane aljani da sunansa da dutsensa da laifinsa. Yi ba shi da wannan. Labarinsa tsumma ne, ƙyalle nan ƙyalle can.

Shan Hai Jing, tsohon kundin duwatsu da tekuna mai kashi 18, ya ce wata mace mai suna Xihe, matar Di Jun sarkin sama, ta haifi rana goma, tana yi musu wanka. Suna zaune a bishiyar Fusang, tara a rassan ƙasa, ɗaya a reshen sama, wannan na dawowa wancan na fita. A wani wuri can daban kundin ya ce Di Jun ya ba Yi jan baka da fararen kibau domin ya taimaki mutanen ƙasa. Iyakarsa ke nan. Sai littafin Huainanzi, wanda yarima Liu An ya miƙa wa sarkin daular Han a shekara ta 139 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo sauran: a zamanin sarki Yao ranakun suka fito a tare, hatsi ya ƙone, ciyawa ta mutu, mutane suka rasa abin ci. Dogon labarin da yaran Sin ke haddacewa yau, mai haɗa wannan da wancan, yawancinsa ɗinkin masana ne na baya-bayan nan irin su Yuan Ke, wanda ya rasu a 2001.

Da farko raina ya ɓaci. Da na sake karanta sakin layin Huainanzi sai na ga abin da na tsallake. Ban da ranakun, ya jera dodanni shida da Yao ya tura Yi ya gama da su: Zaochi mai haƙori kamar kurfi, da Jiuying, da ƙaton tsuntsu Dafeng, da Yayu, da doguwar macijiya Xiushe a tafkin Dongting, da ƙaton aladen daji Fengxi. Biyar daga cikinsu har da wurin da aka kara da su. Wanda ya taso yana kallon fim ɗin Caina a gidan kallo ya san mene ne wannan. Jerin bos-bos ne, akta na bin su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya rubuta shi sama da shekara dubu biyu da suka wuce ya riga ya tsara mana matakan gem.

Lokaci ba zai ishe mu yin shida ba. Mun zaɓi uku: alade, tsuntsu, macijiya. Sa'an nan ranakun.

Laraba, 17 ga Satumba

Wani ɗan abu ya faranta mini rai. 'Yar Sichuan tana ta fama ta bayyana mini cewa harafin ri na Sinanci yana nufin abin da ke sama mai haske, yana kuma nufin yini, tana jiran in ruɗe. Na ce mata a harshenmu ma kalma ɗaya ce, rana. Daga nan hira ta buɗe. Mutanen daular Shang, masu rubutu a kan ƙashi da ƙoƙon kunkuru a Anyang, makonsu kwana goma ne, kowace rana da sunanta: Jia, Yi, Bing, Ding, Wu, Ji, Geng, Xin, Ren, Gui. Har sarakunansu da waɗannan sunaye ake kiransu, kamar Wu Ding. Masana da dama suna ganin nan ne tushen rana goma: kowace ranar mako da tata ranar a sama. To mun sami sunayen 'ya'yan Xihe ba tare da mun ƙirƙiro ko ɗaya ba. Matsala ɗaya, ta biyu sunanta Yi, ya yi karo da na maharbin a rubutun boko, ko da yake harafinsu na Sinanci ba ɗaya ba ne. A allo za mu riƙa kiransa Hou Yi.

Asabar, 27 ga Satumba

Mun je gidan tarihi na Hunan, nan cikin gari, domin ganin kayan kabarin Mawangdui da aka tono a 1972. Kowa gawar uwargida Xin Zhui yake rububin gani, matar hakimin Dai, wadda ta shekara fiye da dubu biyu jikinta bai ruɓe ba. Mu tutar siliki da aka shimfiɗa a kan akwatin gawarta ta kai mu. Tana da siffar riga mai faɗin hannu, tsawonta ya ɗan haura mita biyu. A kusurwar dama ta sama ga wata jar rana babba da baƙin hankaka tsaye a cikinta, ƙarƙashinta bishiya mai murɗaɗɗun rassa da ƙananan ranaku a tsakanin ganye. A hagu ga jinjirin wata, da kwaɗo, da zomo.

Na tsaya ina ƙirga ƙananan ranakun da yatsa a iska. Takwas. Da babbar, tara. Na sake ƙirgawa, mai gadi yana harara ta saboda na kusa jingina da gilashi. Tara dai. Ɗan Hunan ya ce wasu na cewa ta goman tana ɓoye a bayan ganye. Shi kuma abin da ya dame shi daban ne: ya shafe mako yana zana hankakinmu da ƙafa uku, kamar yadda aka saba nuna hankakan rana, sai ga na tutar da ƙafa biyu. Ya yi shiru har muka fito.

A motar dawowa muka yanke cewa kowace rana a gem ɗin hankaka ce a cikin ƙwallon wuta, idan kibiya ta same ta ƙwallon ya fashe, gashin tsuntsu ya riƙa zubowa. Wannan ma ba namu ba ne. Mawaƙi Qu Yuan, wanda ya faɗa kogin Miluo da ke arewa da nan, ya yi wata waƙa ta tambayoyi zalla, a ciki yana tambayar yadda Yi ya harbi ranaku da yadda hankaki suka zubar da gashinsu. Ƙafa uku za mu bari, don an riga an zana. Na nuna musu hoton hankakan gida mai farin ƙirji, na gaya musu kirarinsa, mai da ɗan wani naka. Mai sauti ya ce na Sin baƙi ne wuluk, ba ya satar ɗan kowa, nasa 'yan'uwan ake kashewa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Bikin tsakiyar kaka. Makaranta tana hutu tun ɗaya ga wata, amma mun haɗu a ɗakin kwamfuta da dare. Sun kawo kek ɗin wata, na ƙi ci saboda ana sa man alade a wasu. 'Yar Sichuan ta ciro wani a jaka, ta ce ta sayo mini a shagon taliya na Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Wake ne mai zaƙi a ciki, ya yi nauyi, rabi na iya ci.

Daga nan rigima ta tashi a kan Chang'e, matar Yi, wadda daren nata ne. Huainanzi bai yi kwana-kwana ba: Yi ya roƙo maganin hana mutuwa a wajen Xiwangmu, uwar sarauniyar yamma, matarsa ta sace ta gudu wata. Wani tsohon rubutu na zamanin Han ya ƙara da cewa a can ta zama kwaɗo. Amma sigar da iyaye ke ba yara a irin wannan dare ta bambanta: almajirin Yi ne, Feng Meng, ya shigo zai ƙwace maganin, ita kuma ta haɗiye don kada ya faɗa hannun mugu. Ɗan Hunan yana son ɓarauniya, wai ta fi daɗin zane. 'Yar Sichuan ta ce in dai da hannunta za a rubuta gem ɗin nan, ba za a mai da matar da ƙasarta ta sa wa kumbunan zuwa wata sunanta kwaɗo ba. Tana da hujja: Chang'e 4 ne ya fara sauka a bayan wata a Janairun 2019, motar da ya sauke kuma sunan zomon wata aka sa mata, Yutu 2. Har tauraron ɗan adam na nazarin rana da suka harba a 2021 Xihe suka sa masa.

Ni na ga ba sai mun zaɓa ba. Mai wasa zai riƙa tsintar guntayen labari a hanya. A wani ƙauye tsohuwa ta ce sata ce, a wani ƙauyen maƙeri ya ce sadaukarwa ce, kowa ya rantse nasa ne gaskiya. Haka ma littattafan suke. Sun yarda, ko da yake ina zargin gajiya ce ta sa.

Da na koma ɗaki Yaya ya kira daga gida. Na ba shi labarin aikin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To kai Malam, karatun kwamfuta muka tura ka ko bautar rana?" Na ce Yaya ai harbe ta muke yi. Ya ce in haka ne in taimaka in harbo ta watan Afrilu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ni da ɗan Hunan mun hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Yueyang, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, don ya ɗauki hotunan tafkin Dongting. Ruwan ya ja baya, bakin tafkin duk laka da ciyawa. Tsohon sunan garin Baling, kuma mutanen wurin suna cewa tudun ƙasusuwan macijiyar da Yi ya sare ne. Shan Hai Jing ya ce macijiyar Ba tana haɗiye giwa, sai bayan shekara uku take fitar da ƙasusuwan. Da wannan jimla ɗaya muka gina matakin gaba ɗaya. Ba daga waje za a yaƙe ta ba. Za ta haɗiye ka, ka bi ta cikin haƙarƙarin giwayen da ta ci, kana tattaka hauren giwa kana neman wurin da fatarta ba ta da kauri. Tafkin a gem ɗin busasshe ne saboda fari, jiragen masunta a kife a kan tsagaggiyar ƙasa. Wannan ban buƙaci hoto ba, na san yadda tafki yake idan ya ƙafe.

Talata, 21 ga Oktoba

Kwana biyu muna neman kuskure. Duk ranar da aka harbo sai ta sake fitowa washegari, har suka kai goma sha huɗu a sama. Ashe umarnin da ke fito da rana kowace safiya ba ya duba jerin matattu. An gyara. Alade ya kammala, tsuntsu yana tashi amma yana ratsa dutse.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gwaji na farko da mutanen waje, kuma yau na koyi abin da ban samu a littafi ba.

Ga yadda muka tsara ƙarshen. Kwarinka kibiya goma ne na musamman, ranaku goma. Kana harbo tara, ta goma, Gui, ta tsaya cak a tsakiyar sama, ba ta kai hari, ba ta gudu. Idan ka sauke baka ka jira daƙiƙa ashirin, ka ci gem. Idan ka harba, allo ya yi baƙi, duniya ta daskare. Ba mu rubuta gargaɗi ko ɗaya ba.

Mutum goma sha ɗaya suka buga, Sinawa bakwai, baƙi huɗu: 'yan Najeriya biyu, ɗan Pakistan, ɗan Kazakistan. Sinawa bakwai ɗin nan babu wanda ya harba. Wata ma tana ganin ta tara ta faɗi ta cire hannu daga madannai ta jingina da kujera. Tun suna yara sun san ɗaya ake bari. Galibinsu ma sun taɓa riƙe Hou Yi a gem ɗin waya na Honor of Kings, inda yake cikin maharba. Baƙin kuwa su huɗu duk suka saki kibiya ba ko ƙiftawa. Ɗan garinmu ɗaya, da allo ya yi duhu, ya juyo ya ce mini, "Kai ɗan'uwa, gem ɗinku ya mutu." Na ce ba mutuwa ya yi ba, kai ka kashe rana ta ƙarshe. Ya ce to kun ba ni kibiya goma, kun jera mini bos goma, me kuke so in yi da ta goman, in yi sakace?

Gaskiyarsa. Duk abin da muka koya masa a minti ashirin da biyar shi ne rana abokiyar gaba ce. Rabin labarinmu ba ya cikin gem ɗin, yana cikin kan 'yan ƙasa, mu kuma muka ɗauka mun rubuta shi. Abin kunyar, ni da aka sa don in lura da irin wannan, wata biyu na karatu ya mai da ni ɗan gida, na manta yadda ban san komai ba ranar 8 ga Satumba.

Mai sauti ya kawo shawarar mu bi sigar yara, inda sarki Yao ya ga Yi ya yi zafi, ya sa aka zare kibiya ɗaya daga kwarinsa a ɓoye. Kibiya tara, magana ta ƙare. Na ƙi. In an sace kibiyar, Yao ne ya ceci duniya, mai wasa ɗan kallo ne. Ina son kibiyar tana hannunsa, ya ƙi sakinta da kansa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mako guda ina sake rubutu. 'Yar Sichuan ta so a sa rubutu a allo, "Kada ka harba." Na ce wannan kamar mai tatsuniya ne ya tsaya a tsakiya ya ce yara ku lura Gizo zai yi ƙarya. Maimakon haka mun koma ga abin da tsofaffin littattafan suka ba mu muka yi watsi da shi: ranakun nan 'ya'yan wata ne, kuma ubansu ne ya ba maharbin bakan.

Yanzu bayan kowane yini, kafin a shiga mataki na gaba, akwai ɗan hoto mara motsi sosai: tafki a gindin Fusang, mace ta juya baya tana wanke 'ya'yanta, tana ƙirga su da suna. Daren farko goma. Daga baya tana kaiwa inda babu, ta ɗan dakata, ta tsallake. Mai sauti ya roƙi wata 'yar ajinmu ta karanta sunayen, ya ce ta bar tazarar numfashi ɗaya a gurbin kowane mamaci. Da na saurari na dare na takwas, shiru ya fi suna yawa, sai da tsigar jikina ta tashi. A dare na ƙarshe ba ta ƙirga komai, Gui kawai take kira.

Na biyu, gonaki. Gero ne abincin arewacin Sin a wancan zamani, don haka gonar gero muka sa a bakin ƙauye, ni na gyara wa ɗan Hunan yadda zangarniya take sunkuyawa, ko da yake nasu geron ƙanana ne ba irin namu ba. Da rana goma gonar toka ce. Da shida ta fara tsiro. Da uku ta yi kore shar, manoma suna waƙa. Da biyu inuwa ta fara tsawo, wani tsoho ya jawo bargo. Da ɗaya, yara sun fito suna shan hantsi, suna kallon sama ba tare da sun kare ido ba. Duk wanda ya ga haka ya harba, to da gangan ya yi.

Na cire shafi huɗu da na rubuta a kan ɗaya Hou Yi ɗin, sarkin Youqiong da ya ƙwace mulkin daular Xia har wazirinsa Han Zhuo ya kashe shi. Tsofaffin marubuta ma sun riƙa cakuɗa su biyun. Na so in yi wasa da wannan ruɗanin, amma gem ɗin rabin awa ba zai ɗauka ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Gwaji na biyu, baƙi biyar sababbi, ba wanda ya san labarin. Uku sun sauke baka. Ɗaya ya harba, ya ce ya gane sarai, so yake ya ga abin da zai faru. Ta biyar ta ja baka ta riƙe, ta riƙe, har daƙiƙa ashirin suka cika tana riƙe, gem ɗin bai san abin da zai yi da ita ba, ya tsaya. Ba mu taɓa tunanin wani zai yi haka ba. 'Yar Sichuan tana gyarawa, riƙewa ma za a lissafa shi a matsayin ƙin harbi.

Abin da ya rage: tsuntsu har yanzu yana ratsa dutse. Ƙauyen maƙeri ba shi da sauti. Ba mu kuma daidaita a kan mutuwar Yi ba. Littafin Mengzi ya ce Feng Meng ya koyi harbi a wajensa, da ya ga babu wanda ya fi shi sai malaminsa, ya kashe shi. Huainanzi ya ce da kulkin itacen tao, wato peach, aka kashe shi, itacen da Sinawa har yau suke cewa fatalwa na tsoronsa. Ɗan Hunan yana son a rufe da wannan, mai wasa ya juya baya bayan ya ceci duniya, kulki ya sauka. Ni ina son a tsaya a kan Xihe da ɗanta ɗaya a tafki. Ranar Laraba za mu nuna wa malam duka biyun, ya rage saura mako biyar mu miƙa aiki.